Rumfar da ke cin kyauta: daga garka ake fara gina ta



Duk wanda ya bi babbar hanya daga Birnin Ƙwanni zuwa Madawa a watan Maris ko Afrilu ya san abin da idonsa zai gani. A Tsarnawa buhunan albasa ne jere a bakin hanya. A Galmi ma haka. Manyan motoci suna lodi dare da rana. Wasu za su Gana, wasu Kodibuwa, wasu Benin ko Togo.

Amma ga abin tambaya. Babban ɗan kasuwar da ke sauke wannan albasa a Kumasi ko Abijan, ya san sunan Galmi. Shin ya san sunan ƙungiyar da ta noma ta? Bai sani ba. Tsakaninmu da shi akwai hannuwa da yawa, kuma kowane hannu yana cire rabonsa. Ga shi lokacin girbi kowa yana kawo kaya a lokaci ɗaya. Sai farashi ya faɗi. Wanda ake bi bashin taki da man inji ba ya iya jira. Dole ya sayar yadda aka taya.

Akwai wuri ɗaya da manomi yake iya haɗuwa da babban mai saye ido da ido. Wannan wuri shi ne bikin baje kolin amfanin gona. Yau za mu yi bayanin yadda ƙungiyar manoma za ta shirya rumfarta, ta ƙawata ta da shuka mai rai, har ta ja hankalin masu saye da na alƙalai.

Mene ne bikin baje koli?

Taro ne na ƴan kwanaki. Manoma, da makiyaya, da masu sarrafa abinci, da masu sayar da iri da kayan aiki, kowa yana kama rumfa ya nuna abin da yake da shi. Jama'a suna zagayawa, suna kallo, suna tambaya, suna saye. Alƙalai su ma suna zagayawa. A ƙarshe a ba da kyauta ga waɗanda suka fi.

A ƙasarmu an fara wani babban biki irin wannan a Yamai a shekarar 2014. Sunansa SAHEL. Hukumar RECA ce ta shirya shi, wato uwar majalisun manoma na jihohin Nijar. An yi shi sau da dama, akasari a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris. Wannan lokaci ya dace da mu, domin shi ne lokacin da albasa take nuna. Ban da na Yamai, akan yi ƙananan bukukuwa a jihohi da gundumomi. Mai son sanin ranar biki na gaba sai ya tambayi malamin gona, ko majalisar manoma ta jihar Tawa.

Ba mu kaɗai muke yin haka ba. A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai wata unguwa mai suna Chelsea. Matasanmu sun san sunan wajen ƙwallo. A wannan unguwa ake yin wani shahararren bikin nuna furanni tun shekarar 1913, akasari a watan Mayu. Masu lambu suna neman lambar zinariya. Su kuma ƴan kasuwa ana auna rumfunansu da taurari, mafi girma shi ne tauraro 5. Mutanen Afirka ta Kudu sun sha cin zinariya a can, kuma da furannin dajin ƙasarsu suka ci.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, sun ci ne da abin da ƙasarsu take da shi, ba da na aro ba. Na biyu, masu zuwa wannan biki suna fara shiri watanni da yawa kafin ranar. Suna lissafi yadda kowace shuka za ta yi fure a makon bikin. Mu ma haka za mu yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sunanmu dukiya ne

Wani zai ce: me ya kai mu wannan wahala? Amsa ita ce, sunan albasar Galmi dukiya ne, kuma dukiyar da ba a tsare ba wani ke ɗauka.

A cikin shekarun 2000 wani kamfanin sayar da iri na ƙasar Senegal ya nemi a rubuta masa irin albasar Galmi a matsayin mallakarsa. Ya kai buƙatarsa ga OAPI, hukumar da ke tsare sunayen kaya a ƙasashe 17 na Afirka. Ofishinta yana Yawunde, ƙasar Kamaru. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi suka ce ba su yarda ba. Kamfanin bai sami sunan ba. Daga baya, a shekarar 2023, OAPI ta ba albasar Galmi takardar shaidar asali, tare da kilishin Nijar.

Takarda ta samu. Amma takarda ba ta magana da kanta. A kasuwanni ana sayar da iri iri-iri da sunan Galmi, wani gaskiya, wani gauraye. Idan manomi ya shuka gaurayayyen iri, albasarsa za ta fito kala-kala, wata ta ruɓe tun ba ta yi wata biyu a rudu ba. Mai saye kuma zai ce albasar Galmi ta lalace. To a rumfar baje koli ne za mu nuna wa duniya ta ainihi. Gani ya kori ji.

Rumfa ɗaya, magana ɗaya

Kuskuren da aka fi yi shi ne tara komai da komai. A zuba albasa, da tumatir, da kabeji, da tattasai, da masara, duk a tabarma ɗaya. Mai wucewa zai ga kasuwa ce kawai, ya wuce.

Kafin a taɓa komai, ƙungiya ta zauna. A amsa wannan tambaya: wace magana ɗaya muke so baƙo ya tafi da ita? Ga misalai:

Ƙungiyar Galmi ko Dogarawa ko Gidan Iddar tana iya cewa: "Albasa daga iri zuwa iri."

Ƙungiyar Ƙwanni, mai aiki da ruwan madatsun Mozage da Zango, tana iya cewa: "Ruwa ɗaya, amfani kala-kala." Sai ta nuna alkama, da albasa, da kabeji, kowanne a wurinsa.

Ƙungiyar Illela ko Badagishiri ko Tajaye tana iya cewa: "Mun rayar da matacciyar ƙasa."

Ƙungiyar mata tana iya cewa: "Ba abin yarwa a albasa." Sai ta nuna gabu, da busasshiyar albasa, da garinta.

In an zaɓi magana, duk abin da bai shafe ta ba a bar shi gida. A nan za mu bi misali na farko, domin a ga yadda ake yi.

A ƙidaya kwanaki daga baya

Muna so baƙo ya ga rayuwar albasa duka a taku uku: ƙwayar iri, da ɗan dashe, da mai tasowa, da nunanniya, da mai fure. A gona waɗannan ba sa haɗuwa rana ɗaya. Sai an yi lissafi.

Abin da muka sani shi ne, iri yana yin kwana 40 zuwa 45 a fangali kafin a dasa shi. Bayan dashe, albasa tana neman kusan wata 4 kafin ta nuna. Bayan an cire ta, tana son kamar kwana 10 ta sha iska.

Mu ɗauka za a buɗe biki ranar 1 ga Maris. Ga yadda lissafi zai kasance:

1. Nunanniyar albasa: a zuba iri tsakiyar Satumba. A ɗaga fangalin sama kaɗan saboda ruwan ƙarshen damina. A dasa ƙarshen Oktoba. A cire bayan tsakiyar Fabrairu.

2. Albasa mai fure: a dasa uwayen albasa daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba.

3. Albasa mai tasowa: a zuba iri farkon Disamba, a dasa cikin tukwane tsakiyar Janairu.

4. Ƴan dashe: a zuba iri cikin faranti ko akwati tsakiyar Janairu.

A rubuta waɗannan ranaku a babbar takarda, a manna a ɗakin taro. Gaban kowace rana a rubuta sunan wanda aikin yake wuyansa. Aikin kowa da kowa, ba aikin kowa ba ne.

Shuka ba ta karanta kalanda. Sanyi yana jinkirta ta, zafi yana gaggauta ta. Saboda haka kada a shuka komai rana ɗaya. A kasa shi kashi uku, tsakanin kowane kashi kwana 10. In na farko ya wuce, na biyu zai dace. Kuma in ana bukatar tukunya 10, a shuka 20. Wasu za su mutu, wasu za su karye a hanya.

Shuka cikin tukwane

Kada a tumɓuke shuka daga gona ana gobe tafiya a cusa ta a tukunya. Za ta yi yaushi tun ranar farko. Shukar da za ta je biki, a tukunyarta za ta girma.

Ana iya amfani da tukunyar ƙasa, ko rabin jarka, ko tsohon bokiti, ko akwatin katako. Tukunyar ƙasa ta fi kyau a ido, kuma tana sanyaya saiwa, sai dai tana da nauyi, tana kuma fashewa. Ko wace aka zaɓa, a huda gindinta don ruwa ya fita. Albasa ba ta son ruwa ya kwanta mata. Zurfin tukunya ya kai santimita 25 ko 30.

A haɗa ƙasar garka kashi 2, da rairayi kashi 1, da ruɓaɓɓen taki kashi 1. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kawo ciyawa da ƙwari. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin albasa da albasa, kamar faɗin tafin hannu.

Ƙasar tukunya ta fi ta gona saurin bushewa, musamman in iskar hunturu tana kaɗawa. A riƙa dubawa safe da yamma. A cusa yatsa. In ƙasa ta manne a yatsa, akwai ruwa. In ba ta manne ba, a ba da ruwa. Kowane kwana uku a juya tukunya, don kada shuka ta karkata gefe ɗaya tana neman rana.

Furen albasa shi ne adon rumfa

Ba sai mun sayo furen Turawa ba. Muna da namu. Mutanen birni da yawa suna cin albasa kullum, amma ba su taɓa ganin furenta ba. Kara ne dogo, yana iya kai wa mutum ƙugu. A kansa akwai dunƙulen ƙananan furanni farare, kamar ƙwallo. In an jera tukwane shida ko takwas a bayan rumfa, daga nesa za a hango su.

Furen nan ba ado ne kawai ba. Shi ne shaidar cewa ƙungiya tana fitar da irinta da kanta. Albasa sai ta yi zango biyu kafin ta ba da iri. A shekarar farko ta yi kai. A adana kan a rudu har damina ta wuce. A shekara ta biyu a dasa shi, ya yi kara, ya yi fure, ya ba da baƙar ƙwaya. Wadda ta jure zaman rudu ba ta ruɓe ba, ita ce uwa ta gari.

A bayyana wa baƙi abu uku game da iri:

Ƙudan zuma da ƙudaje ne suke ɗaukar garin fure daga wannan kara zuwa wancan. Ba su, ba iri. Saboda haka ba a fesa magani lokacin da fure yake buɗe.

Su ne kuma suke gauraya iri. In akwai farar albasa mai fure kusa da ja, ƴaƴan za su fito gauraye. Gonar iri ta yi nisa da wata albasa mai fure, kamar kilomita 1.

Irin albasa ba ya daɗewa. In ya wuce shekara ɗaya a wuri mai zafi, da yawa ba zai tsiro ba. Don haka a rubuta watan girbi da shekara a kan kowace leda.

Ga wata dabara mai ƙarfi. Kwana 12 kafin biki, a ƙirga ƙwaya 100 daga irin da za a sayar. A jera su a jiƙaƙƙen tsumma cikin faranti, layi 10, kowane layi ƙwaya 10. A rufe, a riƙa yayyafa ruwa. Ranar biki a ajiye farantin a gaba. Mai saye ya ƙirga da kansa nawa suka tsiro. Wannan ya fi rantsuwa.

Zaɓen albasar nuni

A daina ba gona ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cirewa. A jira har wuyan yawancin albasar ya kwanta da kansa. A cire da sanyin safiya. A bar ta ta sha iska, ganyen wannan yana rufe kan waccan don kada rana ta dafa ta. In wuya ya bushe, a yanke ganye a bar kamar faɗin yatsa biyu.

Ba mafi girma ake zaɓa ba. Ƙatuwar albasa sau da yawa ruwa ne da taki, ba ta zama a rudu. Abin da ake nema shi ne:

launi ɗaya, ja mai sirkin shuɗi, irin na Galmi;
siffa ɗaya, faffaɗa mai kauri;
wuya siriri, busasshe;
ɓawo mai sheƙi, ba tsaga, ba tabo;
kai ɗaya, ba tagwaye ba;
tauri in an matsa.

A kasa ta kashi uku: manya, da matsakaita, da ƙanana. Kowane kashi da kwandonsa. Ba a wanke albasa da ruwa, ba a shafa mata mai. A goge ta da busasshen tsumma kawai.

Sannan a ji tsoron Allah. Kada a nuna kyakkyawa a rumfa, a aika wa mai saye da ruɓaɓɓiya a gindin buhu. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai faɗa wa goma. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tsarin rumfa

A tambayi masu shirya biki faɗin rumfa da tsawonta tun da wuri. Sau da yawa mita 3 ne kowane gefe. A zana wannan fili a ƙasa, a gida. A jera komai kamar ranar biki ce. A kira mutanen gari su zo su gani, su faɗi ra'ayinsu. Gyara a gida ya fi gyara a gaban alƙali.

A yi hawa uku kamar matakala. A baya, dogayen abubuwa: tukwanen fure, da ƙaramin rudu na kara wanda bai wuce ƙirjin mutum ba. A tsakiya, a kan teburi, kwandunan albasa da ledojin iri. A gaba, a ƙasa, akwatin ƴan dashe da tukwanen mai tasowa. A jera su bi da bi, daga ƙwaya har fure, yadda ido zai bi labarin ba sai an yi magana ba.

A bar hanyar shiga. Kada a toshe gaban rumfa da teburi. Mutum in ya shigo ciki yakan tsaya, in ya tsaya yakan yi tambaya.

A yi ado da kayan gida: zana, da tabarma, da faifai, da ƙwarya, da kwando. Jar albasa ta fi fitowa a kan farin ƙyalle ko sabon faifai. Jakunkuna, da takalma, da kwanonin abinci, a ɓoye su bayan zana.

A rubuta allo da manyan baƙaƙe. Sunan ƙungiya, da gari, da gunduma, da lambar waya. A rubuta da Hausa da Faransanci. In akwai mai ajami, a ƙara. Mai allo ya tsaya taku 10 daga nesa ya gwada karantawa. Kowane kwando da ƴar takardarsa: sunan kaya, ranar girbi, farashi.

In maganarku ta raya ƙasa ce

Mutanen Illela suna da labarin da ya isa nunawa. A shekarar 1989 wasu manoman Illela suka je yankin Yatenga na Burkina Faso. Suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, a zuba taki, a shuka. Da suka dawo suka gyara tassarsu ta gargajiya, suka faɗaɗa ramin, suka ƙara masa taki. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Fakon da aka yar ya koma gona.

Wannan ma ana iya kai shi rumfa. A sami faffaɗan akwati biyu. Ɗaya a cika shi da busasshiyar ƙasar fako, ba komai a kai. Ɗayan a yi masa ƙananan ramukan tassa da rabin wata, a shuka hatsi mako uku kafin biki. A ajiye su gefe da gefe. Ko yaro zai gane.

Lafiya uwar jiki

Alƙali zai taɓa, mai saye zai ɗanɗana, yara za su sa hannu a baki. Saboda haka a kula da waɗannan.

Maganin ƙwari: akwai ƙananan ƙwari da ke tsotse ganyen albasa har ya yi fari-fari. Tsoron su yana sa wasu su yi feshi ana gobe tafiya. Wannan haɗari ne. A kan kowace kwalbar magani ta gaskiya an rubuta kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. A karanta, a bi. In kwalba ba ta da rubutu, ko rubutun ba a gane shi, kada a saya. Maganin nan da ake kira piya-piya guba ne mai ƙarfi. Ba a zuba shi a kan albasa, ko wake, ko wani abin ci. Ga shukar tukunya, ruwan ƴaƴan dogon yaro da aka daka aka jiƙa aka tace ya isa, in an fara da wuri.

Kwalba ko jarkar da ta taɓa ɗaukar magani ba ta zama tukunyar shuka, balle ta ruwan sha. A huda ta, a kawar da ita nesa da rijiya da yara.

Abin ɗanɗano: in mata za su ba da kwaɗon zogale, ko miya mai gabu, a yi shi a ranar. A rufe shi daga ƙuda da ƙura. Mai rabawa ta wanke hannu da sabulu. Kowane mutum da cokalinsa. Wanda ya kwana a zubar. Ganyen zogale yana da bitamin A mai taimakon ido, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Yana da kyau a faɗa wa iyaye mata haka. Amma kada a ce yana warkar da kowace cuta. Marar lafiya likita zai je.

Busasshen kaya: gabu da yankakkiyar albasa a shanya su a kan tabarma mai tsabta, sama da ƙasa, nesa da awaki da kaji. In sun yi fumfuna, ba a nunawa, ba a sayarwa, ba a ci.

Masu tsaron rumfa su ma su kula da kansu. Watan Maris rana ta fara zafi. A tanadi ruwan sha mai tsabta, a riƙa karɓa-karɓa.

Ranar tafiya

Daga Ƙwanni zuwa Yamai ya fi kilomita 400, ta Dogon Dutsi da Doso. Iskar mota ta fi rana kashe shuka. A ba tukwane ruwa awa kaɗan kafin lodi. A kafa wa kowane karan fure sanda, a ɗaure shi sako-sako da tsumma. A cusa ciyawa tsakanin tukwane don kada su yi karo. A rufe sama da gefe, amma a bar iska tana shiga. A tashi da sassafe. Albasar nuni a kwali ko kwando za ta tafi, ba a buhu ba, kuma ba a zama a kanta.

A isa kwana ɗaya kafin buɗewa. A sa shuka a inuwa ta huta. Kada a manta da bokiti, da tsintsiya, da igiya, da ƙusa, da sikeli, da biro.

Wa zai tsaya a rumfa?

Ba don mutum yana shugaba ba ne zai tsaya. A zaɓi waɗanda suka san aikin da hannunsu, masu sakin fuska. A sa mace da namiji. A sa wanda ya iya karatu da rubutu, da wanda yake jin Faransanci ko Zabarmanci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Kowane biki yana da dokokinsa, a nemi takardar a karanta. Amma ko'ina alƙalai sukan dubi kyan kaya, da tsabta, da tsari, da sabuwar dabara, da yadda masu rumfa suke amsa tambaya. A shirya amsar waɗannan tun daga gida: Ku nawa ne a ƙungiya? Hekta nawa kuke nomawa? Buhu nawa za ku iya ba da wa, kuma a wane wata? Wata nawa albasarku take yi a rudu? Daga ina irinku? A faɗi gaskiya. In ba a sani ba, a ce za a bincika.

Kowace safiya kafin jama'a su zo, a share, a ba shuka ruwa, a cire busasshen ganye, a sauya albasar da hannu ya dama. Ba a san sa'ar da alƙali zai iso ba.

Littafi ya fi kofi

A ajiye littafi a rumfa. Duk wanda ya nuna yana son saye, a rubuta sunansa, da garinsa, da lambar wayarsa, da abin da yake so, da yawansa. A nan ne wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci zai ga ranar karatunsa.

A wani shafi a rubuta duk abin da aka kashe: kuɗin rumfa, da mota, da masauki, da abinci, da allo. A wani shafin kuma abin da aka sayar. In an dawo, a tara ƴan ƙungiya a karanta musu a fili. Kuɗin jama'a sai da lissafi. Kafin mako ya cika a kira duk waɗanda aka rubuta. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Kyauta tana da daɗi. Tana ɗaga sunan gari, tana ƙara wa matasa ƙarfin gwiwa. Amma rumfa ɗaya ce ko biyu za su ci. Ƙungiyar da ta dawo ba kofi, amma da sunan masu saye uku na gaskiya, ba ta faɗi ba. In ɗaya daga cikinsu ya yarda ya sayi albasar rudu a watan Agusta ko Satumba, lokacin da take tsada, to an ci babbar kyauta.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Wace magana ɗaya ƙungiyarmu za ta kai bikin baje koli?
2. In za a buɗe biki ranar 15 ga Maris, yaushe za mu zuba irin ƴan dashe?
3. Me ya sa ba a feshi lokacin da albasa take fure?
4. Wa zai riƙe littafin masu saye a ƙungiyarmu?

Ƴan'uwa, wanda yake son rumfarsa ta yi kyau a watan Maris, tun yau zai zaɓi uwar albasar da zai sa a rudu. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a guminmu. Amin.